Aikin sa kai da yara da matasa: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Duk lokacin da wata ƙungiya ta buɗe neman masu aikin sa kai a shirin yara, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke dawowa, wasu a yi su a fili wasu kuma sai an keɓe saboda kunya. Toh ga su nan na tattara. Ba duka amsoshin ne zasu yi maka daɗi ba, amma gara ka ji su yanzu tun kafin wani yaro ya saba da fuskarka.

Wai in na shiga me zan riƙa yi ne takamaimai?

Ya danganta da ƙungiyar. Akwai masu taya yara karatu bayan an tashi daga makaranta, akwai waɗanda ake haɗa su da yaro ɗaya su zama kamar yayansa suna haɗuwa duk sati, akwai kocin ƙwallo, akwai masu kula da sansanin hutu, akwai masu ɗaga waya a layin da yara ke kira in suna cikin damuwa, akwai kuma masu koya wa matasa sana'a ko yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake zama gaban intabiyu. Sannan akwai aikin da ba a cika ganin masu yin sa ba, lissafin kuɗi, fassara, tuƙi, gyaran kwamfuta, shirya fayil. Wannan ma aikin yara ne, don in babu mai yin sa shirin tsayawa yake.

Abin ba sabo bane. Harkar sikawut ta faro ne da sansanin da Baden-Powell ya yi a Ingila a 1907, ƙungiyar agajin yara ta Save the Children kuma Eglantyne Jebb da 'yar uwarta Dorothy Buxton ne suka kafa ta a 1919 saboda yaran da yunwa ta addaba bayan yaƙin duniya na ɗaya. Shirin Big Brothers na Amurka ma ya girme su duka, a 1904 wani magatakardan kotu a New York mai suna Ernest Coulter ya gaji da ganin yara maza ana ta kawo su gaban alƙali, sai ya nemi manya da zasu ɗauki yaro ɗaya-ɗaya su riƙa jan sa a jiki.

Ni ba malami bane, ko digiri ba ni da shi. Akwai amfanin da zan yi?

Akwai sosai ma. A rahoton 2022 Bankin Duniya da UNICEF da abokan aikinsu sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane me yake cewa. Kaga kenan abin da yara da yawa suka rasa ba wani farfesa bane, mutum ne da zai zauna kusa da su ya ji suna haɗa baƙi da wasali, ya gyara musu ba tare da tsawa ba.

Ƙungiyar Pratham a Indiya ta nuna haka a aikace. Sun ɗauki mutanen ƙauye masu sa kai, suka ba su ɗan gajeren horo, aka gwada kowane yaro aka ga inda ya tsaya, wannan harafi kawai ya sani, wancan yana iya kalma amma jimla ta fi ƙarfinsa, sai a raba su rukuni-rukuni bisa iyawarsu ba bisa shekaru ko aji ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin masanan da suka gwada tsarin suka ga yaran da suka halarta sun ci gaba a karatu. Dan haka in ka iya karatu, kana da haƙuri, kuma zaka bi yadda aka koya maka a tirenin, ka isa.

Abin da bai kamata ka yi ba shine ka sa hannu a abin da ba fanninka ba. Kai ba likita bane, ba lauya ba, ba masanin ƙwaƙwalwa ba, in abu ya kai can sai ka miƙa.

Aikina ya yi min yawa, zan iya zuwa duk sanda na samu sarari kawai?

Nan ne fa zan ɗan ja magana, domin duk cikin tambayoyin nan babu wadda ta kai ta muhimmanci a wurina. Mutane suna cewa ai da babu gara ba daɗi, ko sau ɗaya na je na taimaka. A rabon kaya ko fentin aji ko ranar wasanni haka ne, zo ka yi ka tafi an gode. Amma in aikin na shaƙuwa da yaro ne, wallahi wani lokacin babun ta fi.

Masu bincike Jean Grossman da Jean Rhodes sun duba bayanan yaran shirin Big Brothers Big Sisters suka wallafa sakamakon a 2002. Yaran da alaƙarsu da mai jagorantarsu ta kai shekara ɗaya ko fiye sune suka fi samun ci gaba, a makaranta da mu'amala da yadda suke ganin kansu. Waɗanda kuwa aka bar su kafin wata 3, baya suka ci, darajar da suke ba kansu ta ragu, yardarsu da cewa zasu iya karatu ma ta ragu. Shi ya sa irin waɗannan shirye-shirye suke neman alƙawarin aƙalla shekara ɗaya tun kafin a haɗa ka da yaro.

Dalilin ba ɓoyayye bane. Da yawa cikin yaran nan dama wani babba ya taɓa tafiya ya bar su, uba ko uwa ko wani da suka dogara da shi, kuma yaro ba ya cewa wane aiki ya riƙe shi, cewa yake ni ne ba a so. Ka tsaya wata rana ka kalli yarinyar da mai koya mata bata zo ba. Ta riga ta buɗe littafin a shafin da suka tsaya, ta fiƙe fensir, ta ajiye jakarta a kujerar kusa da ita don kar wani ya zauna. Duk sanda ƙofa ta motsa sai ta ɗago kai. In aka ce mata zo ki shiga cikin waɗancan sai ta ce a'a tana zuwa yanzu. Sati na gaba in haka ta sake faruwa ba zata ajiye jakar ba, kuma wanda za a kawo mata daga baya shi zai sha wahalar shawo kanta.

Toh ka auna rayuwarka da gaske. Awa ɗaya duk sati da zaka iya riƙewa har shekara ta fi awa biyar da zaka yi wata guda ka ɓace. In lokacinka ba shi da tabbas, ka faɗa wa kodineta, wato mai kula da masu sa kai, tun farko a ba ka aikin da ba a jingina yaro da kai ba, babu abin kunya a ciki ko kaɗan.

Kyauta zan yi aiki amma sai fom, sai intabiyu, sai a kawo shaidu, har da takardar 'yan sanda. Ba a yarda da ni bane?

Ɗan uwa kar ranka ya ɓaci, ba kai ake zargi ba, kowa haka ake masa har shugaban ƙungiyar. Mugu ba shi da kama. Mai neman cutar da yara inda yara suke yake nufa, kuma yawanci shine mai fara'a, mai saurin zuwa, mai cewa ku je ku huta ni zan zauna da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara har biliyan 1 'yan shekara 2 zuwa 17 ne suke fuskantar wani nau'in cin zarafi ko sakaci cikin shekara guda, kuma a mafi yawan lokuta mai cutar da yaro wanda ya sani ne ya kuma yarda da shi, ba baƙo ba.

A wasu ƙasashen doka ce ma. A Ingila akwai binciken DBS da ake duba tarihin mutum kafin a bar shi ya yi aiki da yara, a Ostareliya kuma jihohi suna da nasu izinin aiki da yara da sai ka samu. Inda babu irin wannan tsarin, ƙungiya ta kirki tana yin nata, ta kira shaidunka ta ji daga bakinsu, ta ba ka dokokin kare yara ka karanta ka sa hannu. Ni a ganina ƙungiyar da ka je yau ta miƙa maka yara yau ba tare da ta tambaye ka komai ba, ita ce abar tsoro.

Waɗanne dokoki ne zan tarar?

Kusan ko'ina zaka ji waɗannan. Ba a keɓewa da yaro a ɗaki a rufe ƙofa, ko dai a samu babba na biyu ko a zauna inda ake ganinku. Ba a ɗaukar yaro a mota ko a kai shi gida sai da izinin ƙungiya da na iyaye. Ba a ba shi lambar waya ta kai, ba a bin sa a Facebook ko a riƙa masa saƙo a WhatsApp da dare. Ba duka, ba zagi, ba kunyatarwa a gaban 'yan uwansa. Ba sirri tsakaninka da yaro.

Maganar kyauta ita ce ta fi yi wa masu tausayi wuya. Ka ga takalminsa ya yage, zuciyarka ta karye, kana so gobe ka zo masa da sabo. Kar ka yi da hannunka, ka faɗa wa kodineta. Na farko sauran yaran suna gani, na biyu iyayensa zasu iya jin an raina su, na uku kuma, wanda shine babba, da kyauta da sirri da fifita yaro ɗaya masu lalata yara suke fara jan su, dan haka in aka bar mutumin kirki ya yi, yaron ya koyi cewa wannan ba komai bane, gobe in mugu ya yi ba zai ga alamar haɗari ba.

Hoto fa? Ina so in ɗora don jawo hankalin mutane su taimaka.

Sai da izinin ƙungiya, da na iyaye a rubuce, da yardar shi yaron. Ko an yarda ma ba a haɗa fuska da cikakken suna da sunan makaranta ko unguwa. Kuma ka tambayi kanka, in ɗanka ne aka ɗauka yana kuka cikin yagaggen kaya aka rubuta labarin gidanku a ƙasa, zaka so? Abin da ya hau intanet ba ya sauka, yaron nan zai girma ya nemi aiki ya nemi aure hoton yana nan.

In yaro ya gaya min ana cutar da shi, ya zan yi?

Sau da yawa ba a zaune ake faɗa ba. Kuna tattara littattafai kowa ya fita, sai ya tsaya yana wasa da zif ɗin jakarsa, bai kalle ka ba, ya ce in na faɗa maka wani abu ba zaka faɗa wa kowa ba ko? A nan mutane da yawa suke kuskure su ce wallahi ba zan faɗa ba. Kar ka yi wannan alƙawarin domin ba zaka iya cika shi ba. Ce masa ina jin ka, amma in abu ne da zai cutar da kai dole in gaya wa wanda zai iya taimaka mana, shi kaɗai, ba kowa da kowa ba.

Sai ka saurara. Ka riƙe fuskarka ko da cikinka ya ɗuri ruwa, don in ya ga ka firgita zai yi shiru ya ce wasa yake. Kar ka tsare shi da tambayoyi, kar ka sa masa magana a baki irin wane ne ya yi maka ko, bar shi ya faɗa da kalmominsa, tambayar da ke jan yaro zuwa wata amsa tana iya ɓata shari'a gaba ɗaya daga baya. Ka ce masa ya yi daidai da ya faɗa, kuma ba laifinsa bane. Da ya tafi ka rubuta abin da ya ce yadda ya faɗe shi, da kwanan wata da lokaci, ka kai wa jami'in kare yara na ƙungiyar a ranar, ba gobe ba. In yana cikin haɗari a lokacin ko yana da rauni, asibiti da hukuma ne farko. Kar ka je ka tunkari wanda ake zargi, kar ka zama ɗan bincike, kar ka ba abokai labari.

Yarjejeniyar haƙƙin yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, sashe na 19 ya wajabta kare shi daga kowane irin cin zarafi, sashe na 12 kuma ya ba shi haƙƙin a ji ta bakinsa a abin da ya shafe shi. In ka kai rahoto aka ce maka a rufa asiri saboda sunan ƙungiya, ka wuce su ka je hukumar da ke kula da yara.

Ni gidan marayu nake so in riƙa zuwa, ko in yi tafiya wata ƙasa in yi sati biyu a can. Ya kuka gani?

Niyyar tana da kyau amma a yi hattara. Ƙungiyoyi irin su Save the Children da Lumos sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da aƙalla uwa ko uba a raye, talauci ko naƙasa ko neman makaranta ne ya raba su da gida. A wasu wuraren ma abin ya zama kasuwa, ana karɓo yara daga iyayensu a cika gida da su saboda baƙi masu ziyara suna kawo kuɗi, har ta kai Ostareliya a 2018 ta ɗauki wannan safarar a matsayin wani nau'in bautar zamani.

Sannan ko gidan na gaskiya ne, jerin baƙi masu zuwa su rungumi yaro su tafi ba alheri bane gare shi. Yaron da ya ruga ya maƙale wa wanda bai taɓa gani ba, mai ziyara daɗi yake ji ya ce yaran nan akwai son mutane, masana kuwa sun san sau da yawa alamar rashin tsayayyen mai reno ce. Binciken da aka fara a Bukarest ta Romaniya a 2000 da yara 136 ya nuna waɗanda aka fitar daga gidan marayu aka ba iyalai riƙonsu sun fi waɗanda aka bari a kaifin ƙwaƙwalwa da shaƙuwa, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2. In marayu ne a ranka, nemi ƙungiyar da ke tallafa wa dangi su riƙe yaransu a gida, ko mai mayar da yara cikin danginsu, ƙarfinka zai fi amfani a can.

Ta yaya zan gane ƙungiyar gaskiya?

Tambaye su kai tsaye. Kuna da rijista? Ina rubutattun dokokinku na kare yara? Wane ne ake kai wa ƙorafi, kuma in shi ake ƙorafi a kansa wa za a gaya wa? Wane horo zaku ba ni kafin in fara? Ina rahoton kuɗinku na bara? Masu gaskiya daɗin waɗannan tambayoyin suke ji. In ka ga an fara kame-kame, ko duk harkar a hannun mutum ɗaya take, ko hotunan yara sun fi aikin yawa, ka ja jikinka.

Ana biyan wani abu?

Albashi dai babu. Wasu ƙungiyoyin suna mayar maka da kuɗin mota, wasu ba sa iyawa, ka tambaya tun farko kar ya zama abin ɓacin rai. Shirin masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1970 yana ba waɗanda ya tura aiki alawus na zama, amma wannan cikakken aiki ne da ake nema a tantance. In kana son satifiket ko takardar shaida don neman aiki ba laifi bane, faɗi kawai, matuƙar ba shi kaɗai ya kawo ka ba.

An haɗa ni da wani matashi, wata biyu kenan ba ya min magana sai eh da a'a. In haƙura?

A'a, ci gaba da zuwa. Matashin da aka sha yi wa alƙawari ana saɓawa gwada ka yake ya ga ko kai ma irinsu ne, wani ma da gangan zai yi maka rashin kunya don ka tafi da wuri ya huta da jira. Rage wa'azi. Ku yi wani abu tare da hannu, gyaran keke, buga ƙwallo, zane, matasa sun fi sakin baki in ba a zuba musu ido ba. Tambaye shi abin da ya fi ka sani ya koya maka. In ya faɗi wani abu yau, ko sunan ƙungiyar ƙwallon da yake so ne, ka tuna da shi sati mai zuwa. Kuma tunda har yana zuwa duk sati ba wanda ya ɗaure shi, akwai abin da yake samu.

Na yi ritaya, shekaruna sun ja. Ba na matasa bane wannan?

Ranka ya daɗe, irinku ake nema ruwa a jallo. Kuna da haƙuri, kuna da lokacin da ba ya canzawa kowane wata, kuma yara da yawa ba su da kaka ko kakan da zai saurare su. Matasa 'yan ƙasa da 18 ma wasu ƙungiyoyin suna karɓarsu da izinin iyaye, sai dai ba a bar musu yara su kaɗai ba domin su ma yara ne a ido na doka.

Zan iya taimakawa daga gida?

Eh. Fassara, zane, rubuta takardar neman tallafi, shigar da bayanai, koyarwa ta bidiyo. In koyarwa ce, a manhajar ƙungiya za a yi inda zasu iya dubawa, ba a wayarka ku biyu ba.

Na gaji, ko kuma zan bar gari. Ya zan daina?

Gajiya tana faruwa, musamman in kana jin labarai masu nauyi kana komawa gida da su. Yi magana da kodineta tun kafin ta kai ka fara ƙin ɗaga waya, wataƙila rage maka kwanaki ko canza maka aiki kawai ake buƙata.

In tafiyar ta zama dole, ka sanar da ƙungiya da wuri, wata guda ko fiye in da hali, don su nemo wanda zai gaje ka ku yi zama ɗaya ko biyu tare. Shi kuma yaron da bakinka zaka gaya masa, ba a ranar ƙarshe ba, ka faɗa masa ranar da zaku rabu da dalilin daidai fahimtarsa, ka kuma faɗa masa ƙarara cewa ba wani abu ya yi ba. Ku duba littafinsa na farko da na yanzu ya ga inda ya kai. Zai iya yin fushi ko ya nuna ko a jikinsa, duk ka karɓa. In ƙungiyar ta yarda a riƙa aika wasiƙa bayan tafiya ta hannunsu zata bi, kuma kar ka ce masa zaka rubuto sai in ka tabbata zaka rubuta.